Matar da Ta Rage Rabin Matsalolin Kamfani

A gida Ta-Shago ake ce mata, domin a shagon babanta ta tashi. Shagon gyaran rediyo ne ɗan ƙuƙut a ƙarƙashin matakalar wani bene, inda in mutum biyu suka shiga sai na uku ya tsaya daga waje ya miƙo kayansa ta saman kawunansu. Sauran 'yan'uwanta in an aike su kai wa Baba abinci, ajiyewa suke yi su ruga, wai ƙaurin dalma na sa musu tari. Ita kuwa sai ta haye kan wani mataccen talabijin ta zuba ido, har sai an aiko a taho da ita.

Baban nata ba mai yawan magana ba ne. In an kawo rediyo sai ya kunna ta ya kasa kunne, mai rediyon na ta zuba bayanin abin da yake zaton ya lalace, shi kuma sai can ya ce, "Bari mu gani." Ta gaji wannan kalma, ta kuma gaji fuskarsa, wadda ba a iya karanta komai a kanta. Ranar da aka zo da albishir cewa ta samu gurbi a kwalejin fasaha, mahaifiyarta ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Ita kuwa ta ce, "To," ta tambaya ko da sauran shinkafa a tukunya.

Kwamfuta ta karanta. Ta fara aiki a wani shagon buga takardu, inda rabin aikinta zaro takardar da ta maƙale ne, daga nan ta koma wata makaranta. Mijinta malamin koyar da tuƙi ne, kuma a cikin mota suka haɗu, tana ɗaliba. Har yau yana ba da labari cewa ya koyar da masu ihu, da masu kuka, da masu sakin sitiyari su rufe ido, amma bai taɓa ganin wadda ta haye dakalin titi da taya biyu ta kashe mota ta ce "bari mu gani" ba sai ita. Mutum ne da ƙafarsa ta dama ba ta hutawa. Ko a falo yake zaune, in yaro ya zo wucewa da gudu sai ka ga ya taka birkin da babu shi. Allah ya ba su 'yan biyu, mace da namiji, da wata ƙanwarsu daga baya.

'Yan biyun na aji uku na firamare ta samu aiki a wani kamfanin gyaran lifta, wato na'urar hawa da sauka a dogayen benaye. Ofishin kamfanin na hawa na biyu ne a wani gini da ba shi da lifta. An ba ta wani ɗaki da a da sito ne, ita da uwar garke, wato babbar kwamfutar da duk bayanan kamfanin ke taruwa a cikinta. Akwai na'urar sanyaya ɗaki, amma don injin aka saka ta, saboda haka Ta-Shago da rigar sanyi take yini ko ana zafin da kwalta ke narkewa a waje. A nan kowa Injiniya yake ce mata. Ta gaya musu sau biyu cewa ita ba injiniya ba ce, sannan ta ƙyale su.

Aikin ba shi da wuyar fahimta. Kowace lifta da kamfanin ke kula da ita tana da ɗan akwati da ke aiko da ƙorafi: ƙofa ta ƙi rufuwa a karon farko, ta tsaya ba daidai da daɓe ba, an yi mata lodi fiye da ƙima. Uwar garke na rubuta kowane ƙorafi layi ɗaya a cikin fayil, kowace rana da sabon fayil mai ɗauke da kwanan wata. An raba gine-ginen kashi biyu, na cikin gari da na bayan gada, kowane kashi da foldarsa. Wanda ya tsara wannan duka wani ne da ake kira Dogo, wanda ta gaji kujerarsa. Ya bar aiki ya tafi kiwon kaji. Bayanin da ya bar mata a tsaye ya yi shi, jakarsa a kafaɗa: "Komai na tafiya, kar dai ki kashe wancan."

Haka aka yi shekaru ana tafiya, har aka kawo sabon manaja, mutum mai tsabta da son ganin abu a bango. Ya sayo wata manhaja da ke bin fayilolin tana karanta duk sabon layi, tana jera shi a rumbunta don a iya bincike, tana kuma ƙirga ƙorafin kowane gini. Ya sa aka kafa ƙaton allo a tsakiyar ofis. Ginin da ke lafiya kore ne, wanda ƙorafinsa ya wuce iyaka sai ya koma ja, a tura makanike. Wanda ya zo daga wurin masu manhajar ya ce wa Ta-Shago, "Hajiya, ki nuna mata babbar foldar kawai, ita za ta bi duk abin da ke ciki." Ta nuna mata. Ya sha lemo ya tafi.

Tun makon farko allon ya yi jajir, musamman ɓangaren bayan gada, inda tsofaffin liftoci suke. Mai kula da wannan ɓangare wani dattijo ne da ake kira Kawu Sufana, wanda ya fara gyaran lifta tun ana rufe ƙofarta da hannu. Gwiwarsa ɗaya ta daina lanƙwasuwa sosai, don haka matakalar ofis zango biyu yake yi mata, ya huta a tsakiya ya gaisa da duk mai wucewa kamar da ma abin da ya tsayar da shi ke nan. Aka dinga tura shi. Ya je ya duba, ya shafa man giris, ya canza tayoyin ƙofa, ya hau ya sauka a ciki, ya dawo ya tarar ginin da ya baro yana nan ja.

"Kawu, me ke faruwa a wajenku ne?" in ji Manaja a taron safe.

"Yallaɓai, yadda suke bara haka suke bana. Tsufa ne, ni da su."

"Allo ba ya ƙarya, Kawu."

"Ban ce yana yi ba, yallaɓai. Ni dai ban san shi ba ne, su kuwa na san su."

Aka yi dariya, Manaja bai yi ba. Ya sa aka yi odar tayoyin ƙofa kwali-kwali, ya kuma fara maganar ko a mayar da Kawu Sufana sito ya huta, a ba wani mai jini a jika ɓangaren. Maganar ta kai kunnen dattijon. Wata rana da azahar ya tura ƙofar ɗakinta, abin da bai taɓa yi ba saboda sanyi, ya tsaya riƙe da hularsa.

"'Yata, ke da kike cikin abin nan, gaya mini gaskiya. Hannuna ne ya mutu?"

Ta dube shi. Hannuwan duk sun faffashe, baƙin mai ya zauna a cikin layukan tafin. Irin na babanta ne sak.

"Bari mu gani, Kawu."

Ba ta san inda za ta fara ba, domin manhajar na aiki, uwar garke na aiki, ba abin da ke kuka. Sai ta koma cin abincin ranarta a tsakiyar ofis, a gaban allon, tana tauna tana kallo kamar mai kallon wasa. A rana ta uku ko ta huɗu ta ajiye cokali. Wannan gini shida. Wancan goma sha huɗu. Na kusa da shi biyu, na ƙasa ashirin da takwas. Ta bi allon daga sama har ƙasa, ta koma na jiya, ta koma na makon jiya. Duk lambobin cika ne, babu mara ko ɗaya. Ba ginin da ya taɓa yin ƙorafi uku, ko bakwai, ko ɗaya tak.

Ta rufe kwanonta ta koma ɗaki. Ta zaɓi lifta guda ta buɗe ƙorafinta a rumbun manhajar. Kowane layi da abokinsa: lokaci ɗaya, kalmomi ɗaya, har daƙiƙa. Wurin da ya bambanta ɗaya ne, sunan fayil ɗin da aka samo shi. Na farko daga fayil mai kwanan wata, na biyu daga wani fayil da ake kira na-yau. Ta leƙa foldar. Na-yau na nan, amma ba fayil ba ne na gaske. Simlink ne, wato suna kawai wanda ba komai a cikinsa sai nuni zuwa wani fayil, wanda duk ya buɗe shi sai ya tsinci kansa a can. Kullum da safe yana juyawa ya nuna fayil ɗin sabuwar rana. Manhajar ta bi ta suna na farko ta karanta, ta bi ta na biyu ta sake karantawa, ta rubuta duka biyun da zuciya ɗaya. Saƙon gaggawa da ke zuwa wayar makanikai sau ɗaya yake fita ko an maimaita masa, shi ya sa ba wanda ya lura.

Ta je ta sami Manaja.

"Yallaɓai, rabin matsalolinmu babu su."

"Kin gyara su?"

"Da ma babu su. Sau biyu ake ƙirga kowace."

Ta yi masa bayani. Ya ce ta sake. Ta ce, "Ka ga ni, a gida Ta-Shago ce, a nan Injiniya. In mai gadi ya rubuta duk sunan da ya ji an kira, zai ce mata biyu suka shigo."

"To waye ya ba fayil suna biyu?"

"Dogo."

"Don me?"

"Ina jin don kar ya riƙa buga kwanan wata."

Mai sito, wanda ya shigo neman sa hannu a kan sababbin kwalayen tayoyi, ya ce, "Ai dole, uwar 'yan biyu ce ta kafa abin." Ta ce masa ita nata biyun ba sa faɗin magana iri ɗaya, ko da sau ɗaya.

A cikin saitin manhajar akwai wurin da aka tambaya ko ta riƙa bin simlink. Ta ce kar ta bi. Ta tsaya tana kallon ɓangaren cikin gari har wani gini ya nuna ɗaya, wani ya nuna uku. Ba ta taɓa jin daɗin ganin lamba uku haka ba. Tana shirin duba bayan gada wayarta ta yi ƙara. Mijinta ne: an koro 'yan biyun daga makaranta da ƙuraje, cutar ƙarambau ce, ƙaramar ma ta fara zazzaɓi. Ta ɗauki jaka ta nemi hutu.

Kwanakin da suka biyo baya ta yi su ne tana shafa farin magani a bayan yara uku, tana yanke musu farce, tana raba faɗa kan wa ya fi yawan ƙuraje. Mijin ya ce shi ya yi ƙarambau tun yana yaro. Ya kira mahaifiyarsa don ta tabbatar, ta ce yayansa ne ya yi. Washegari suka zama huɗu.

A ofis kuwa ɓangaren bayan gada ya koma kore shar, kowane gini sifili. Manaja ya kira taro ya ce wannan ne sakamakon matsa wa mutane su yi aiki. Ya miƙa wa Kawu Sufana takardar yabo a cikin gilashi, aka yi tafi, aka ɗauki hoto. Dattijon ya karɓa ya juya ta gaba da baya.

"Yallaɓai, na gode. Amma ni ban canza komai ba."

"Tawali'u ke nan," in ji Manaja.

Safiyar da Ta-Shago ta dawo, ta hawo matakala ta tsaya a gaban allon, jakarta ba ta ko sauke ba. Liftar da ta girmi wasu ma'aikatan ofishin, a ce ko ƙofarta ba ta yi gardama ba sau ɗaya? Tana cikin wannan tunani wayar teburin gaba ta yi ƙara. Sakatariya ta ɗauka, ta saurara, ta dubi allon.

"Malam, liftar gininku lafiyarta ƙalau. Ga ta nan kore."

Muryar da ta fito daga wayar har ƙarshen ofis an ji ta. "Baiwar Allah, a cikinta nake!"

Wani mai haya ne a ɗaya daga gine-ginen bayan gada. Ya sayo firji, ya shiga lifta da shi da 'yan dako biyu, ta tsaya cak tsakanin hawa biyu. Sun danna ƙararrawa har yatsa ya yi zafi. Lambar wayar kamfanin na jikin bango, amma firjin ya tare ta, sai da suka yi ta juya shi a wurin da mutum ba ya iya juya kansa. Ɗaya daga cikin 'yan dakon yana da ciwon asma, numfashinsa ya fara fita da ƙara.

Kawu Sufana ya sauka matakalar nan ba tare da ya huta a tsakiya ba. Ta-Shago ta shiga ɗakinta ta zauna a gaban uwar garke. Ta dubi foldar bayan gada da kyau. Ita kanta foldar simlink ce. Tana nuni zuwa wani faifai na biyu, inda fayilolin gaskiya suke. Ranar da ta hana manhajar bin simlink, ta rufe mata ido daga rabin gari. Ƙorafe-ƙorafen duk sun iso, suna nan a jere, har da ƙararrawar mai firji layi bayan layi, ba dai mai karantawa.

Ba ta taɓa komai ba sai da Kawu ya bugo ya ce an fito da su, an ba mai asma maganin shaƙarsa ya dawo daidai, firjin ne kawai ya samu ƙwarzane. Sannan ta kira Dogo. Kukan kaji ya riga muryarsa isowa.

"Injiniya! Ina gajiya? Ya injina?"

"Lafiya. Foldar bayan gada fa?"

"Af! Ban gaya miki ba? Faifan ne ya cika wata shekara, sai na kwashe su na kai sabo, na bar nuni a wurin don kar komai ya lura."

"Ba abin da ya lura."

"To kin gani."

"Akwai wasu?"

Kukan kaji ya cike wayar. "Ina jin akwai ɗaya a wajen tsofaffin bayanai. Ko biyu. Kina son ƙwai? Ina kawowa gari ranar Laraba."

Ta ce ya kawo kiret ɗaya. Ta bincika uwar garke kaf ta tarar da simlink biyar. A wannan karon ba ta yi wa manhajar doka guda ta kowa da kowa ba. Ta nuna mata ainihin wurin da fayilolin bayan gada suke a faifai na biyu, ta ce ta tsallake duk abin da ake kira na-yau a ko'ina ta gan shi, ta kuma saka wani ƙaramin gargaɗi: in ɓangare ya yi shiru na tsawon lokaci, allon ya nuna ruwan ɗorawa maimakon kore. Share maimaitattun layukan da suka taru a rumbu ya ci mata mako guda, domin sai ta tabbatar kowane layin da za ta goge yana da abokinsa. Na-yau kuwa ta bar shi a wurinsa. Ita ma ta gano ba ta son buga kwanan wata.

Ta shiga ofishin Manaja ta gaya masa yadda aka yi daga farko har ƙarshe, ba ragi ba ƙari. Ya saurara yana murza biro.

"Wato da can allon ya ninka, daga baya ya makance."

"Haka ne, yallaɓai."

"Yanzu fa?"

"Yanzu yana faɗin abin da liftocin suka faɗa."

Ya leƙa ta gilashin ofishinsa. Bayan gada ya koma yadda yake tun fil azal, kore a nan, ja a can, yawanci tsaka-tsaki. "Bai yi kyau kamar na makon jiya ba," in ji shi. Ta yarda da hakan.

Ba a mayar da Kawu Sufana sito ba, ba a kuma karɓe takardar yabonsa ba, don ba wanda ya san yadda ake yin hakan. Ya ci gaba da ɓangarensa har gwiwa ta biyu ta bi ta farko, ya yi ritaya da kansa. Ita ta je da kanta ta ba mai firji haƙuri, ta nemi ɗan dakon nan a tashar da yake tsayawa ta gaishe shi. Ya ce ba komai, amma shi da lifta sai dai a lahira, ko hawa goma ne zai ɗauka a ka.

Har yanzu tana kamfanin. An canza manaja sau biyu, na yanzu a wayarsa yake kallon komai, allon bangon ya koma na kallon ƙwallo a lokacin hutu. Babanta ya rufe shago, ido ya yi rauni, ya dawo gidanta da zama a ɗakin da ke kusa da ƙofa. 'Yan biyun sun shiga sakandare. Namijin na son zama likitan dabbobi, macen ba ta faɗi abin da take so ba tukuna, ta dai kwance fankar ɗakinsu ta mayar, kusoshi biyu suka yi saura. Da yamma mijin kan zo ɗaukarta a motar koyo, ya koma kujerar gefe ya bar mata tuƙin, don ya ce ya gaji da aiki. Takan bi ta kasuwa ta sayi biredi da lemon zaƙi na Baba, su kama hanyar gida, shi yana ba ta labarin ɗalibar da ta yi ribas ta shiga shagon mai kifi.